Lahadi a Adamstown, da tulun nan mai ruwan toka

Yau ma Adamstown muka yi, garin nan na kasuwar tsofaffin kayan tarihi a jihar Pennsylvania ta Amurka. Tun asuba Baban Auta ya tashe ni wai in ba mu isa da wuri ba dillalai sun kwashe na kirki, kuma gaskiyarsa ne, masu zuwa da tocila tun da duhu su ke cin kasuwar. Sanyi kam ba a magana. Auta barcinta ta yi ta sha har muka isa.

Ni dai bargon faci na je nema, irin na matan Amish, Kiristocin nan manoma na yankin Lancaster, mai launi zalla ba fure ba komai, wanda na dame ku da zancen ina so in rataya a falo. Biyu na gani. Ɗaya tsoho ne na ulu amma asu ya cinye gefensa, ɗayan ina shafawa na ji yadin roba, na ajiye musu abinsu.

Sai a teburin wani dattijo Bature, cikin tukwanen Pennsylvania masu zanen shuɗi, na hango wani tulu daban, launinsa tsakanin kore da ruwan ƙasa, shafen jikinsa ya dalalo ya daskare. Na ɗaga, nauyi kamar randar Inna ta tsakar gida. Ya ce na Edgefield ne, South Carolina, kafin yaƙin basasarsu na 1861, wai ƙyallin nan toka ce da yashi ake damawa a shafa kafin a gasa, ba gishiri ba irin na nan arewa. Na juya shi ina neman rubutu ya ce kar ki wahalar da kanki, da akwai sa hannun Dave da ba ki same ni nan cikin sanyi ba.

Dave ɗin da yake nufi David Drake ne, bawa maginin tukwane da ke rubuta sunansa da kwanan wata har da baitoci a jikin tulu tun yumɓun na ɗanye, alhali dokar jihar ta 1834 ta haramta koya wa bawa karatu da rubutu. A wani tulu na 1857 tambaya ya rubuta, shin ina danginsa duka suke. A 2021 an yi gwanjon wani nasa dala miliyan 1.56.

Na ce to wannan wa ya gina? Ya ce wani bawa ne dai, ba a san sunansa ba, shi ya sa ma yake da araha. Dala 900.

Wlh kalmar nan ta araha ita ta tsaya min a wuya har yanzu. Ba da mugunta ya faɗa ba, mutumin kirki ne, har alewa ya ba Auta, haka kasuwar take kawai, mai suna da tsada marar suna da araha, ni ma da wannan ma'aunin nake sayen kayana. Amma mutum ya haƙo yumɓu ya taka ya gina ya sha zafin wuta, ba a biya shi ko sisi ba, ubangidansa ya karɓe kuɗin, yau kuma rashin sunan da aka hana shi ya zama ragi gare ni. Kuma a gindin hannun tulun akwai shatin babban yatsansa inda ya danna ya manne shi, na sa nawa a wurin, nasa ya fi nawa faɗi sosai.

A mota muka yi ta ja da Baban Auta. Shi cewa yake in ba don masu tarawa suna zuba kuɗi ba da tuni an farfashe su ko an dasa fure a ciki, da ba wanda zai san Dave ma, balle gidan tarihi na Metropolitan a New York ya yi musu baje koli a 2022. Na ce na yarda, amma kuɗin aljihun wa yake shiga? Ya ce ai gidan tarihin zane na Boston ya mayar wa zuriyar Dave mallakar tuluna biyu a 2025. Na ce shi don ya rubuta sunansa ne aka gano jikokinsa, wannan fa wa za a mayar wa? Sai ya ƙara rediyo.

Ban saya ba. Ban kuma ce ba zan saya ba, na karɓi katinsa, duk Lahadi yana nan. In na kawo shi gida ban san me zan rubuta a ƴar takardar da nake liƙa wa kowane kaya a gindi ba, kuma barinsa a teburin can ma bai kwanta min ba.

Shi kuwa oga agwagwar katako ya sayo, irin wadda mafarauta ke sakawa a ruwa, fentin duk ya goge, ya ja min kunne kar in kuskura in wanke ta wai daraja ce. Miyar kuka ta jiya muka ɗumama. Yaya ta kira ban ɗauka ba, sai gobe in Allah ya kai mu.