Abin da Kududdufi Ya Koya Mini Game da Birnin Zamani

Lokacin da na fara aiki a wani ofishin zana taswirar unguwanni a Kano, na yi imani cewa ƙarancin na'ura ne kaɗai ke damun birninmu. A makaranta an nuna mana Songdo ta Koriya ta Kudu, inda bututu ke zuƙe shara daga gidaje ta ƙarƙashin ƙasa, da Masdar ta Abu Dhabi, wadda aka ƙaddamar a 2006 da burin ta zama birni marar hayaƙi. Na ɗauka idan aka jera kyamarori da fitilu masu aiki da hasken rana daga Ƙofar Nasarawa zuwa Bata, magana ta ƙare.

Wata rana aka ba ni tsofaffin hotunan cikin birni da aka ɗauka daga jirgin sama, in kwatanta su da hotunan tauraron ɗan Adam na yanzu. A tsofaffin akwai baƙaƙen tabo birjik a tsakanin gidaje, wato kududdufai, ramukan da kakanninmu suka ɗebi ƙasar ginin gidaje da badala, waɗanda suka zama masaukin ruwa idan damina ta kankama. A sababbin, da yawa daga cikinsu sun koma rufin kwano.

Na taka da ƙafata zuwa ɗaya daga cikin wuraren. An cike shi da shara da ɓaraguzai, an gina jerin shaguna, ga teloli, ga mai POS, ga mai shayi. Ba zan raina wannan ba, domin mutane suna samun na cefane, gwamnati tana samun haraji, iyaye kuma sun huta da fargabar yaro ya faɗa ruwa. Amma wani dattijo da ya ga ina aune-aune ya kama hannuna ya shigar da ni soron gidansa, ya nuna mini shatin danshi da ya kai gwiwa a jikin bangon ƙasa, da gindin bangon da ya fara zaizayewa. Ya ce, "Ɗana, ruwan da ke sauka a can bai daina zuwa ba, masaukinsa kawai aka hana shi." Na ce, "Gaskiya ne, Baba," na koma ofis jikina a sanyaye.

Da na buɗe kwamfuta sai na ga inda gizo ke saƙar. Jadawalinmu yana da gurbin girman fili da yawan shaguna da kuɗin shiga, amma babu gurbin ruwan da wurin ke shanyewa a watan Agusta, babu na bangon da zai faɗi. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da muka ce ta ƙirga shi ta ƙirga, shi ya sa ciniki ke rinjayar muhalli tun kafin a zauna shawara. Abin da ya ƙara sosa mini rai shi ne, biranen da muke sha'awa kuɗi suke zubawa don su samu abin da muka gada. Singafo, wadda ke da na'urorin auna ruwa a magudananta, ta fasa kwatamin siminti a lambun Bishan ta mayar da shi kogi mai ciyawa da gaɓa, aka buɗe a 2012. Ƙasar Sin kuma a 2015 ta zaɓi birane 16 don gwada tsarin birni mai tsotse ruwan sama kamar soso.

Batun fitilun ma na sauya ra'ayi, tun da na ga yadda ƙurar hunturu ke lulluɓe farantin sola, da yadda fitila ke mutuwa idan ba a ware kuɗin sauya batir ba. Yanzu kafin in yaba wa na'ura, sai na tambayi wanda zai riƙa goge ta.

Ba ina cewa a bar kududdufi da warinsa da sauronsa ba. Ana iya yashe shi, a kewaye shi, a dasa darbejiya, a jera shagunan a bakinsa maimakon a kansa. Na nemi izinin maigidana na ƙara gurbin ruwa a jadawalin, kuma duk wurin da za mu auna, ina fara sallama da mai unguwa in roƙi ya haɗa ni da wanda zai nuna mini inda ruwa ya tsaya bara.