Hasumiyar Auta ta daina rawa, bayan na kusa cinye mata ƙafafu

Jiya bayan la'asar na ajiye matakalar nan a gaban tebur, na danna kusurwoyinta huɗu ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwas ba ta ce ba. Na sake dannawa don ban yarda ba. Sati 5 ke nan ina fama da wannan abu, har uwargida ta fara tambayata ko dai itacen girki nake tara mata a fakaice.

Ga waɗanda ba su ga farkon aikin ba: matakala ce mai shinge, irin wadda yaro ke hawa ya tsaya a ciki, katako ya kewaye shi har ƙugu. Masu tarbiyya irin ta Montessori, wadda ake barin yaro ya yi abu da kansa, su ne suka fi yayata ta. A gidanmu hasumiya muke ce mata. Su masu Montessorin sun yi ta ne don kantar kicin mai tsayin kusan santimita 90, mu kuwa murhunmu a ƙasa yake, kuma ba mai son yarinya 'yar shekara 2 kusa da wuta. Abin da ya sa na yi ta shi ne teburin da mamarta ke kwaɓa fanke, da bokitin wanke hannu mai famfo da ke kansa. Kullum 'yata Auta sai ta jawo kujera 'yar tsugunne ta ɗora a kan wata ta hau. Ranar da ta faɗo ta fasa leɓe na ce to, ya isa.

Kuskurena na farko a wurin sayen katako ne. Na sayi ayus, farin nan mara nauyi da 'yan Najeriya ke kira obece, fale 2, wato falanki, da sanduna 4, kuɗi suka tashi sefa 16,000 har da na mai babur. Ya yi mini zafi, amma iroko ya fi ƙarfin aljihuna. Kun san katakon da muke samu a Garwa, nan arewacin Kamaru, daga dazukan kudu yake zuwa, ya biyo ta Ngaundere ya gangaro mana, da sauran damshinsa a jiki. Ni kuma ɗoki ya hana ni barinsa ya sha iska. Ranar da na kawo, ranar na yanka. Kwana 10 da haɗawa, iskar hunturu ta yi aikinta: falen da yarinya za ta taka ya tsage tun daga sukuru har sukuru. Katako ta faɗi yake tsukewa, ta tsawo kusan ba ya motsi, ni kuwa na ɗaure shi tamau ta gefe biyu, bai da inda zai je sai ya dare. Na raba shi gida 3 na bar 'yar tazara tsakani, wannan ya wuce.

Rawar ce ta kusa sa ni jefar da zarto.

Da na gama haɗa ta, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Na ce abu mai sauƙi, na rage wadda na ga ta fi tsawo. Sai wata ta ɗage. Na rage wannan, ta farko ta koma sama. Sau 4 ina wannan wasan, na ci santimita 3 daga tsayinta, har Auta ta fara ɗage don ta kai ga famfon. Abin takaici, a ɗaki rawar ta hagu take, in na fito da ita tsakar gida ta koma ta dama. A nan ya kamata in gane, amma fushi ya rufe mini ido.

Ranar Asabar na ɗaure ta a bayan babur na kai wa Malam, kafintan da nake zama wurinsa a ƙarƙashin darbejiya. Bai ko taɓa zarto ba. Ya ce, "Ɗana, a ina kake gwada ta?" Na ce a simintin ɗaki. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Wa ya ce maka simintin ɗakinka a miƙe yake?" Ashe ƙasan nake ta yi wa aski a jikin katako.

Ga yadda ya yi, ku riƙe. Ya ɗora ta a kan wani tebur da ya tabbatar a miƙe yake da lebur, ma'aunin nan mai ɗigon ruwa. Ya cusa guntayen kwali a ƙarƙashin ƙafafun da suka ɗage har ta tsaya cak, saman ma ya yi lebur. Sannan ya kwantar da fensir a kan wani siririn katako, ya ja shi a kan teburin ya kewaye kowace ƙafa. Layi 4, duk tsayi ɗaya daga tebur. Yanka ɗaya ya ce in yi, a kan layin, kada in ƙara kada in rage.

Na yanka, ta zauna. Amma da ya dafa samanta ya tura gefe, sai duk jikinta ya langaɓe kamar rumfar kara. Ya miƙo mini mita ya ce in auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ta biyun. Bambanci ya kai santimita 1 da rabi. Wato ƙirar kanta a murɗe take, ƙusa da sukuru kaɗai na dogara da su, ga ayus da taushi, ramukan sun riga sun buɗe. Dole na warware gefe biyu, na fafe gurbi da cizal, na sa farin gam. Ba ni da abin matsewa, sai na yanka tsohon tub ɗin babur siri-siri na naɗe ta da shi ta kwana. Na kuma gitta sanda ɗaya a karkace ta ƙasa a kowane gefe. Malam ya ce kusurwa uku ba ta san langaɓewa ba, kuma gaskiyarsa.

Saura kifewa, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Gindin santimita 40 ne kawai, yaro kuwa ba ya tsayawa tsakiya, leƙe yake yi. Ba zan gwada da 'yata ba. Na cika jarka mai lita 10, nauyin kilo 10 ke nan, kusan nata, na rataya a shingen ta waje. Nan take ƙafafun ɗaya gefen suka tashi. Na ɗaura mata takalma, wato sanda biyu a kwance a ƙasa, kowace ta zarce da santimita 8 hagu da dama. Ta yi muni kaɗan, na yarda, kuma sau 2 na yi tuntuɓe da su. Amma jarkar ta yi ta lilo hasumiya ba ta ɗaga ba.

Wani abu da na gyara tun kafin kowa ya gani shi ne tazarar sandunan gefe. Ƙa'idar da ake bi a kayan filin wasan yara a Amurka ita ce rami ya gaza santimita 9 ko ya wuce 23, don a tsakanin nan ne jikin yaro ke iya zurarewa kansa ya maƙale. Nawa 14 ne, tsakiyar haɗarin sosai. Na ƙara sanda ɗaya a kowane gefe.

Yau da safe ta hau da kanta, ta wanke hannu, ta jiƙe rigarta, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki fanke biyu ba izini. Mamarta ta kalle ni ta ce, "Ga abin da ka gina mana."

Ban shafa mata komai ba tukuna. Auta na gatsar shingen, shi ya sa nake tsoron fanish, ga shi kuma gara da ƙwaro ba sa raga wa ayus, damina na zuwa. Wanda ya taɓa shafa wa kayan yara wani mai da bai yi ɗanko ba a zafin Afrilu, don Allah ya faɗa mini wanne ne.