Daminar da na karanta wa Gwaggo littattafan soyayya

Babban hutunmu na lakwal cikin damina yake faɗowa, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, kuma bara ban je ko'ina ba. Gwaggona ta yi ciwon ƙafa, aka ce in koma gidanta a unguwar Bagalam ta Maraɗi in riƙa kama mata aiki. Ina shara a ɗakin ɗiyarta da aka aurar sai na jawo wani tsohon buhun shinkafa daga ƙarƙashin gado. Littattafan soyayya ne cike da shi, irin na Kano, waɗanda 'yan kasuwa ke shigowa da su ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Wasu babu bango, wasu gara ta fara yi musu aski.

Abin kunya, ni da nake koya wa yara Faransanci, sai na iske ban iya karanta harshen da na sha a nono ba. Idona ya saba da ƙa'idar lakwal. In na ga "ciki" bakina ya ce "siki", in na ga "ruwa" in tsuke baki kamar mai shirin fito. Ga shi da yawa daga cikin littattafan ba a sa wa haruffa lanƙwasa ba, sai ka lalubo da kanka ko "kasa" ake nufi ko "ƙasa". Dabarar da ta fisshe ni ita ce ɗaga murya, don kunne ya san Hausa ko da ido bai san ta ba. Ina cikin wannan in'ina ne Gwaggo ta ɗaga labule ta ce, "Ke ɗiyar nan, in karatu kike ki yi mu ji, in kuwa addu'a ce ki faɗa mini in ce amin."

Daga ranar ya zama ƙa'ida. Bayan sallar isha'i sai in shimfiɗa tabarma a rumfa, in kunna maganin sauro, in an ɗauke wuta in haska da fitilar waya. Kafin sati biyu maƙwabta mata uku sun fara zuwa da kujerunsu.

Mun fara da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da ke son Muhammad talaka, ga kuma Abdulƙadir mai dukiya yana nema. Da muka zo inda Sumayya ta faɗa rijiya, muryata ta sarƙe, hawaye ya zubo mini. Gwaggo ko gezau. Ta gyara zaman ƙafarta ta ce, "To yanzu wa zai sha ruwan rijiyar? Ta ɓata wa unguwa ruwa a banza." Matan suka kwashe da dariya, ni kuma na ji haushi ƙwarai. Na juya shafi in ci gaba, sai na ga gara ta riga mu cinye sauran. Sati uku muka yi muna jiran wani maƙwabci mai zuwa Kano sari ya samo mana cikon, kullum da safe Gwaggo na tambayata ko ya dawo, ita da ta ce labarin shirme ne. Tun daga nan ba na fara littafi sai na duba shafinsa na ƙarshe, na kuma tabbata na ɗaya da na biyu da na uku duk suna hannuna.

Cikin jiran ne na ɗauko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Da farko ban so shi ba, don babu saurayi da budurwa masu musayar wasiƙa. Labarin Rabi ne, wadda mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kore ta da 'ya'yanta tara, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Ni a lokacin ɓacin zuciya a wurina shi ne a raba masoya kafin aure. Ban taɓa lissafa na matar da ta yi shekara da shekaru a ɗaki sannan aka nuna mata ƙofa ba.

Daren da muka karanta korar Rabi babu wadda ta yi dariya. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ɗauki kujerarta ta tafi ba sallama. Gwaggo ta ce, "Maimaita mini wurin nan." Na maimaita. Ta ce in sake. Sau uku na karanta shafin, ruwa na sauka a kan kwano har sai da na matso kusa da kunnenta. Sannan ta ce, "Wadda ta rubuta wannan ta san aure." Na buɗe baki in tambaye ta, sai na tuna ban taɓa jin an ambaci mijinta na fari a gidanmu ba, ko sau ɗaya. Na ja bakina na yi shiru.

Littafi goma sha ɗaya muka gama kafin a koma lakwal, kuma yanzu ina karanta Hausa ba tuntuɓe. Satin jiya Gwaggo ta kira ni tana tambayar yaushe za a ba mu hutu. Ta ce ta riga ta ba maƙwabcin nan jika biyu ya sayo sababbi, ta kuma gargaɗe shi kada ya kawo mata mai rijiya.