Kafin ka raɗa wa bakteriya suna

Ƙannena masu karatun maikurobayoloji, ranar tana zuwa da malami zai miƙa wa kowannenku bututu mai lamba kawai, ya ce a gano wace bakteriya ce a ciki. Yawancin ɗalibai sukan duƙufa haddar teburin gwaje-gwajen ƙarshe, alhali tun a matakin farko ake yin ɓarnar.

Ni gaggawa ce ta kayar da ni. Na shafa samfurin a farantin agar, abincin da ake shuka bakteriya a kai, washegari na ɗebo daga inda tsiron ya fi cunkoso, a ganina can albarkar take. Ashe iri biyu ne a cakuɗe. E. coli tana amsa gwajin indol, wato tana samar da sinadarin indol, amma ba ta cin sinadarin sitiret, Klebsiella pneumoniae kuwa akasin haka take. Da yake dukansu suna cikin abin da na ɗebo, gwaje-gwajen biyu duk suka amsa, har na fara murnar na kamo Klebsiella oxytoca, wadda ita ma haka take amsawa. Malaminmu ya ɗaga farantin ya duba a haske, ya ce in sake. Don haka ku ja layin shafawa a hankali, kuna ƙona wayar shafawa tsakanin sashe da sashe, har ku sami ɗigon tsiro guda da ya ware kansa. Shi za ku sake shukawa a sabon faranti. Kwana ɗaya zai ci muku, kuma ya fi sati guda na aikin banza arha.

Sai rinin Gram, wanda likitan nan ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884, rinin da ke raba bakteriya gida biyu: masu fitowa shunayya da masu fitowa ja. Kowa na raina shi don sauƙinsa, ni ma na raina shi. Wajen wanke launi da alkohol ake zamewa: daƙiƙu kaɗan ake so, in ka wuce sai mai shunayya ta koma ja, ka ɗauki hanyar da ba taka ba. Shafi mai kauri kuma yakan riƙe launin da ya kamata ya saki. Tsufan tsiro ma yana yaudara, musamman Bacillus, shi ya sa ake son na awa 18 zuwa 24. Dabarar da na koya a makare ita ce a sa sanannun Staphylococcus aureus da E. coli a gefen gilashin, a rina su tare. In ba su fito shunayya da ja ba, matsalar daga hannunka ko sinadarinka take.

Ƙananan gwaje-gwajen ma suna da tarko. In za ka yi gwajin katalas da haidurojin feroksaid mai kashi 3 cikin ɗari, inda kumfa ke bambanta Staphylococcus mai yinsa da Streptococcus marar yinsa, kada ka kankaro agar mai jini, don jinin kansa yana kumfa, sai Streptococcus ta yi kama da Staphylococcus. A gwajin oksidas kuma, wanda ake karanta shi da sauyin launi, yi amfani da tsinken katako wajen ɗebo tsiro, wayar nikurom takan ba da launin ƙarya.

Mu nan ga kuma matsalar wuta. In inkubeta, na'urar da ke ɗumama tsiro, ta kwana a kashe, ba a digiri 37 tsironka ya kwana ba, rashin amsa ba hujja ba ce. Ka rubuta hakan a littafinka ka maimaita.

Wani abu da ban so faɗa ba: na taɓa ganin sakamako mai rauni na rubuta shi a matsayin tabbatacce, don kawai ya dace da sunan da na riga na ƙudurta a raina. A aji maki ne ya tafi. A asibiti kuwa, da irin wannan takardar likita zai zaɓa wa majinyaci magani. Ku rubuta launin da idonku ya gani da lokacin da kuka duba, suna ya zo daga baya. Kuma tun ranar da kuka sami tsiro tsantsa, ku ajiye wani a firji a digiri 4, don in aikin ya rikice ku sami inda za ku koma.