Haɗa zip daga rubutun da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta

Sau da yawa manhaja ce da kanta ke samar da rubutun, kamar rahoto ko jerin sunaye, sannan a so a dunƙule shi cikin zip, wato fayil da ke tattara wasu fayiloli a matse, a tura wa mai saukewa. Ba sai an fara ajiye shi a faifai ba. A Python, `io` da `zipfile` sun isa:

```
import io, zipfile
jaka = io.BytesIO()
with zipfile.ZipFile(jaka, "w", zipfile.ZIP_DEFLATED) as z:
    z.writestr("rahoto.txt", rubutu)
bayanai = jaka.getvalue()
```

`BytesIO` za a ɗauka, ba `StringIO` ba, domin abin da ke fitowa daga matsewa ba rubutu ba ne. Kuma in aka manta da `ZIP_DEFLATED`, zip ɗin zai fito lafiya lau amma ba a matse komai ba, saboda `ZIP_STORED` ne tsarin asali.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne layin ƙarshe. Zip yana rubuta jadawalin abin da ke cikinsa ne a can ƙarshen fayil, lokacin rufewa. Duk wanda ya kira `getvalue()` yana cikin `with` zai samu jaka marar jadawali, in an zo buɗewa sai kuskuren `BadZipFile` ya fito. A fita daga `with` tukuna. Haka nan idan jakar kanta za a miƙa wa wani ɓangare ya karanta, a yi `jaka.seek(0)`, in ba haka ba zai fara daga ƙarshe ya dawo hannu rabbana.

Akwai wani tarkon da ba ya ko gargaɗi: idan aka ba `writestr` wani `ZipInfo` (mai riƙe da bayanan fayil, kamar suna da kwanan wata) a madadin sunan fayil don saita kwanan wata, salon matsewar `ZipInfo` ɗin ne ke aiki, shi kuwa `ZIP_STORED` ne. Sai an saka masa `compress_type` da hannu.

Haruffa irin su ƙ, ɗ da ɓ ba su da matsala, `writestr` yana mayar da rubutu UTF-8 da kansa. Amma CSV, wato fayil ɗin tebur na rubutu zalla, da za a buɗe a Excel, gara a yi masa `encode("utf-8-sig")`, don kada haruffan su hargitse.

Rubutun layi biyu kuwa, matse shi ɓata lokaci ne. Kowane fayil yana ɗauke da kan bayani na bayit 30 a gaba da 46 a jadawali, ban da sunansa sau biyu, don haka zip ɗin na iya fin rubutun girma. In kuma bayanan suna da yawa har za su cinye RAM, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a musanya `BytesIO` da `tempfile.SpooledTemporaryFile`, wanda ke komawa faifai da zarar an wuce `max_size` da aka saita.