Yadda takarda ɗaya ta rusa min aikin wata shida

Lokacin da nake mastas aikina a kan kwak ne, wato ƙananan ƙwayoyin nan da ke cikin furoton da niyutiron, me ke faruwa da su idan maganadisu ya yi tsananin ƙarfi. Ba irin na injin MRI mai tesla 1.5 ko 3 ba fa, ana maganar kamar tesla tiriliyan 100, irin wanda ya riƙa ɓullowa na ɗan ƙiftawar ido idan aka gwabza ƙwayoyin zinare a RHIC, wani katafaren injin gwabza ƙwayoyi can Brookhaven a Amurka, suka goge juna ta gefe.

Kuskurena na farko abin kunya ne wallahi, na bai wa kwak iri biyu da ake kira u da d caji iri ɗaya a kod ɗina, alhali ɗaya +2/3 ne ɗayan -1/3, to matakan Landau ɗinsu, wato matakan kuzarin da ƙwaya mai caji ke samu a cikin maganadisu, ba za su taɓa zama daidai ba. Sati uku na ɓata kafin na gano. Daga nan kuma sai ga matsi ya rabu gida biyu, na tsayin layin maganadisun daban na gicciye daban, ni kuma lamba ɗaya nake ta nema.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne zafin sauyawa, inda hadron, wato irin su furoton da niyutiron, ke narkewa su zama miyar kwak da guluwon, ƙwayoyin da ke ɗaure kwak wuri ɗaya, kusan MeV 155 a ma'aunin kuzari, wato digiri ya doshi tiriliyan 2. Da tsarin NJL nake aiki, wani sauƙaƙan tsarin lissafin mu'amalar kwak, garaf ɗina ya nuna in maganadisu ya ƙaru zafin ma hawa yake, ya dace da abin da Gusynin da Miransky da Shovkovy suka yi bayani a 1994, cewa maganadisu na ƙara wa kwak ƙarfin haɗuwa bibbiyu, har na fara jin kaina. Na kai wa malamina, bai ce uffan ba, sai ya miƙo min takardar su Bali ta 2012, lissafin latis a manyan kwamfutoci, wato inda ake raba sarari da lokaci ɗigo-ɗigo a yi lissafin kwak da guluwon kai tsaye, ashe zafin sauka yake yi. A sanyi maganar 1994 tana nan daram, amma dab da wurin sauyawar abin juyewa yake.

Na ce Malam to ina na kuskure? Ya ce lissafinka lafiya lau, NJL ɗin ne ba guluwon a cikinsa, kuma maganadisu na taɓa guluwon ta hanyar kwak ɗin da ke ɓullowa suna ɓacewa.

Babi na huɗu gaba ɗaya na sake rubutawa, na sa ƙarfin haɗin kwak ɗin yana raguwa da maganadisu, sannan layin ya karkata ƙasa.