Daidaita ɗigon firinta don fuskokin ɗalibai su fito a fotokwafi

Aikin da ya fi shigowa shagona a ƙarshen zangon karatu shi ne ɗan littafin bikin yaye ɗalibai da na saukar Alƙur'ani. Yawancin makarantun ba su da kuɗin bugun kala, saboda haka nakan buga kwafi guda a firintar leza, baƙi da fari, sannan a ɗora shi a injin fotokwafi a fitar da sauran. Rubutu yana fitowa tas, hotuna ne ke ba da wuya. Kwafin farko yakan yi kyau, amma da zarar ya bi ta fotokwafi sai fuskar yaro ta cushe ta yi baƙi ƙirin, ba abin da ake gani sai hula da farar riga. A ce uwa ta karɓi littafin ranar farin cikinta ta kasa gane ɗanta a ciki, abin yana damuna ƙwarai, shi ya sa na zauna na bi diddigin lamarin.

Firintar leza ba ta iya buga ruwan toka. Ko ta zuba tona, wato garin tawadarta, a wuri, ko ta bar shi fari. Duk inuwar da ka gani a hoton da ta buga ɗige-ɗige ne a jere, manya a inda yake da duhu, ƙanana a inda yake da haske, kamar aikin hula da za ka hango daga nesa launi guda, ka matso ka ga ashe zare ne aka jera. Lambobi biyu ke riƙe da wannan aiki. Ta farko dpi, wato yawan ƙananan ɗigon da injin ke iya ajiyewa a inci ɗaya. Tawa 600 ce. Ta biyu lpi, yawan layukan manyan ɗigon da ake haɗa hoto da su a inci ɗaya. Kowane babban ɗigo da waɗancan ƙananan ake gina shi, don haka in ka ƙara yawan layuka, gurbin kowane ɗigo ya matse, matakan inuwar da zai iya nunawa sun ragu.

Lissafin ba wuya: raba dpi da lpi, ka ninka amsar da kanta, ka ƙara ɗaya. A inji mai 600, layi 141 yana ba da mataki kusan 19 tsakanin fari da baƙi. Layi 106 yana ba da 33, layi 85 kusan 51, layi 71 kuwa sama da 70. Nan na gane dalilin da ya sa bangon hoto ke fitowa zobe-zobe idan lambar ta yi sama. Mu kuma baƙar fata ne, kusan duk kamannin fuskarmu a ɓangaren duhu suke, inda ɗigon suka riga suka kusa haɗewa. Ɗan farin da ya rage a tsakaninsu shi ke nuna hanci da kumatu, kuma shi fotokwafi ke fara cinyewa, domin tona tana ɗan bazuwa a kowane bugu. Ɗigo manya masu tazara sun fi jure wannan. Jaridu ma wajen layi 85 suke amfani da shi saboda takardarsu na shan tawada, mujallu masu sheƙi ne ke kai 133 zuwa 150, su kuma injunan da ke fitar musu da farantin bugu sukan kai dpi 2400.

Na haɗa takardar gwaji: tsiri mai matakai goma daga fari zuwa baƙi, da hoton ɗalibi mafi duhun fata a ajin. Na buga ta a 106, da 85, da 71, da 60, duka a kusurwar digiri 45, domin a nan ne ido bai cika lura da jerin ɗigon ba. Ban yanke hukunci da abin da firinta ta fitar ba, sai da na bi da kowace ta fotokwafi. A 106 matakan ƙarshe na tsirin sun haɗe sun zama baƙi guda. A 60 komai ya fito, sai dai ɗigon sun yi girma har sun ɓata ƙaramin hoto irin na fasfo. Na tsaya a 71 don aikin fotokwafi, 106 kuma in takardar daga firinta za ta tafi hannun mai ita kai tsaye.

Inda ake sauya lambar ya danganta da injin. Idan firintarka tana jin PostScript, yaren bugu na kamfanin Adobe, manhajar zane ta CorelDRAW za ta ba ka shafin PostScript a akwatin bugu, a nan za ka ga wurin da aka rubuta Screen frequency. Ƙananan firintoci masu araha galibi ba su da wannan, su ke zaɓar lambarsu da kansu. Ga irinsu sai ka yi ɗigon da hannunka a Photoshop: ka mai da hoton Grayscale, sannan Bitmap, ka sa 600 daidai da injinka, ka zaɓi Halftone Screen, ka rubuta 71 da 45, siffar ɗigo zagayayya. Amma ka tabbatar ka gama yanke hoton a girman da zai zauna a shafi kafin nan. In ka ja shi ko ka matse shi daga baya, ko firinta ta rage shafin don ya shiga takarda, wani zane mai kama da raga zai bayyana a kan fuska. Hotuna kaɗai za ka yi wa haka, rubutu ka bar shi baƙi tsantsa.

Lambar ita kaɗai ba ta gama aikin. Kafin in yi ɗigon nakan ɗaga hasken tsakiyar hoton da Curves, wato ma'aunin gyaran haske na Photoshop, har ya zama a fuskar kwamfuta kamar ya yi fari fiye da kima, domin na san duhu zai ƙaru sau biyu a hanya, a firinta da kuma a fotokwafi. Nakan kashe tsarin tsimin tona. A injin fotokwafi kuma tsarin rubutu nake zaɓa, ba na hoto ba, don na hoto yana ƙoƙarin ɗora nasa ɗigon a kan nawa.

Masu kawo hotuna ta WhatsApp sukan tambaya ko za su yi. In hoton ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na lambar layukan, wato kusan fiksel 150 a inci a girman da za a buga shi, ya wadatar. Abin da nake roƙon malaman makaranta shi ne su ɗauki yaran a inuwa mai haske, fuska tana kallon inda hasken ke fitowa, kada a tsayar da su rana tana bayansu. Duk lokacin da na sake cika tona kuma ina maimaita takardar gwajin, domin kowace tona da irin duhunta.